Ranar da Kwamfuta Ta Kaɗa Takena

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ta tsakiyar damina ba, ranar da na tsaya a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a duk Bukuru amma gumi na bin gadon bayana kamar mai tuƙa tuwon biki. Shekaru sun ja, gashina ya yi fari, amma har yau in na jiyo kalangu daga nesa sai na ji wuyan rigata ya matse ni.

Ƙarshen shekarun saba'in ne. Ina saurayi, na gama karatun lissafi, na samu aiki a sashen kwamfuta na wani kamfanin haƙar kuza. (Yaran yanzu, ku cire wannan abin da ke aljihunku daga rai. Tamu ɗaki guda ta cinye, akwatunan ƙarfe ne a jere kamar firji, ba a shiga wurinta da takalmi, kuma da kati mai huji ake yi mata magana.) Kullum da safe nakan fito daga unguwarmu Nasarawa Gwom, in hau ƙaramar bas a tashar Taminus zuwa Bukuru, jaka a hammata, ina duban sauran fasinjoji da tausayi don ba su san abin da na sani ba.

Mu uku ne a sashen. Akwai ogammu, Mista Davou, mutumin Filato, dattijo marar hayaniya wanda in ya yi maka kallo ɗaya ta saman tabarau sai ka tuna duk laifin da ka yi tun daga firamare. Akwai Ladi, wadda muka fara aiki tare, mai dariya kusa. Sai ni. A shekarar kamfani ya ce zai tura mutum ɗaya kwas Ingila, tsakanin ni da Ladi, kuma Mista Davou ne zai zaɓa. Ni dai a raina an gama zaɓe. Har na je kasuwar Taminus na sayi wata kwat baƙa mai kauri a wurin 'yan gwanjo, na rataye ta a ƙusa inda duk wanda ya shigo ɗakina zai gani ya tambaya.

Don in toshe duk wata kafa, sai na ɗauki aikin da kowa ke gudu. Akwai wani tsohon furogiram (yanzu manhaja kuke cewa) da ke tattara awon kuzar da ake kawowa daga sansanonin haƙa, ya fitar da jimillar kowane sansani. Nawar aiki gare shi, in ya hau inji a ƙarshen wata kowa sai ya jira. Na ce zan sake rubuta shi ya yi sauri, kuma a gaban Manaja na faɗa, da murya mai ƙarfi.

Kafin in ci gaba sai na gaya muku wani abu, in ba haka ba ba za ku gane girman wautata ba.

Watanni kafin nan an yi bikin wani direban kamfaninmu a unguwarmu, kusan duk ma'aikata sun je, har Manaja da Mista Davou. Aka kawo makaɗin kalangu. Na shiga fili na yi masa liƙi fiye da ƙarfina, shi kuwa ya tambayi wane ne ni, aka ce ai shi ne mai aiki da injin nan mai ƙwaƙwalwa. Nan take ya yi mini take. Kalangu na faɗi, maroƙi na fassarawa: "Yaro da inji, manya ku kauce!" Mata suka ɗauka da tafi. Na yi rawa, na juya, na ɗaga hannu. Mako guda ana tsokanata da shi a ofis, ni kuwa ina nuna kamar ba na so.

To, akwai wani Injiniya Sande da ke zuwa daga Kaduna yana duba lafiyar injin. Shi ya taɓa nuna mini wata dabara. In ka ajiye ƙaramar rediyo a kan akwatin ƙwaƙwalwar injin, ka murɗa ta zuwa inda babu tasha, za ka ji motsin aikin da ke gudana a ciki, wani shuuu da ƙirrr. Da kunne yake gane in inji ya maƙale a wuri ɗaya. Shi don aiki ya nuna mini. Ni kuwa sai na lura cewa in ka sa inji ya yi ƙirgen banza gajere, ya maimaita, rediyo takan ba da siririyar murya. In ƙirgen mai tsawo ne, murya ta yi kauri. Siririya da kakkaura. Me ya rage ban da kalangu?

Asabar uku na ɓata ni kaɗai da rediyon aro a ɗakin injin, har na sa kwamfutar kamfani ta kaɗa takena. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Sai na ɗauki katunan na cusa su a cikin sabon furogiram ɗina, daidai wurin da yake rufe aiki, don duk lokacin da ya gama, ya kaɗa mini take sau ɗaya. Ba wanda zai ji, tunda babu rediyo a ɗakin. Ni kaɗai zan san cewa a cikin ƙarfen nan ana yi mini kirari. (Na sani. Ba sai kun faɗa ba.) Daga nan na ci gaba da gyare-gyare na makonni, na manta da zancen sam.

Ran Litinin na gwada sabon furogiram da 'yan katuna kaɗan. Kafin in gyara zama ya gama. Na ɗauki takardar da firinta ta fitar na kai wa Mista Davou ina taku ɗai-ɗai. A ƙasan kowace takarda inji yakan buga layi guda da ke nuna lokacin da ƙwaƙwalwarsa ta ci a kan aikin. Ya duba layin, ya gyaɗa kai, ya miƙo mini.

"Mota in babu kaya, kowane zai yi gudu," in ji shi, da irin Hausarsa da ba ruwanta da mace ko namiji. "Gobe za mu sa masa lodi."

Gwajin lodi dokarsa ce, ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Duk furogiram da aka taɓa, ko harafi ɗaya aka canja, sai an ɗora masa kayan da ya fi na ƙarshen wata: katunan duk sansanoni, a ninka su, a sake ninkawa, a kuma saki sauran ayyukan kamfani su hau injin a lokaci guda. Sannan a kwatanta lokacin da tsoho ya ci da wanda sabo ya ci. In sabo ya fi cin lokaci, ya koma baya ke nan, komai kyansa a takarda.

Ran Talata aka fara da tsoho. Ya yi nishinsa da ya saba, ya gama. Aka ɗora nawa. Na harɗe hannu a ƙirji, na jingina da bango.

Akwai wata fitila a gaban injin da ke ƙyaftawa in ƙwaƙwalwa na samun sarari, in kuwa aiki ya sha kanta sai ta tsaya cak a kunne. Da farko ta yi ƙyafce-ƙyafce. Can sai ta tsaya. Ta ɗan ƙyafta, ta sake tsayawa. Sauran ayyukan suka taru a layi. Aka bugo waya daga sito ana tambayar ina takardunsu. Na sauke hannuna daga ƙirji. Lokacin da firinta ta fitar da layin ƙarshe, Ladi ce ta fara gani, ta ce, "Kai!" Nawa ya ci lokaci fiye da ninkin tsohon.

Mista Davou ya sa aka maimaita. Haka. Ya cire sauran ayyukan ya bar nawa shi kaɗai da lodinsa. Haka dai. Ya cire tabarau ya goge, ya dube ni.

"Malam, me ka sa a ciki?"

Wallahi a lokacin ban tuna ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne, ni ba na kuskure. Sai bakina ya fara aiki. Na ce sabon furogiram yana amfani da wani sashe na ma'ajiyar injin da tsohon bai taɓa shiga ba, lalle sashen nan ne ya samu matsala. Na kawo bayani, na zana a allo. Ana cikin haka Manaja ya leƙo jin dalilin da sito ke kuka, wani Alhaji mai ƙiba da faɗa. Ganinsa ya ƙara mini ƙarfi.

"Ranka ya daɗe, aikina lafiya lau yake. Injin ne ba shi da lafiya."

"Ka tabbata?" in ji Mista Davou, a hankali.

"Oga, in ba haka ba ne a cire sunana daga maganar kwas."

Ba wanda ya tambaye ni wannan. Ni na ɗora wa kaina. Manaja ya ce a kira Injiniya Sande daga Kaduna ya zo jibi, injin da aka saya da tsada ba za a zuba masa ido ya lalace ba. Mista Davou ya miƙe. Ya tattara katunana da tef ɗin da furogiram ke kai, ya sa a kabad ɗin ƙarfe, ya kulle, ya jefa makulli a aljihu. Wannan ma dokarsa ce: abin da ake bincike a kansa ba a taɓa shi.

Ran Laraba da yamma ina cikin bas za ni gida, ruwa na dukan gilashi, an matse ni tsakanin wata mai buhun dankali da wani Bafulatani mai sanda. Ina ta tunanin abin da zan ce wa Ladi in an tabbatar da gaskiyata. Sai Bafulatanin ya dubi gwiwata ya ce, "Samari, kai makaɗi ne?" Na duba. Yatsuna ne ke kaɗa take a kan jaka ban sani ba.

Nan take na tuna da katunan takena.

Duk dabarar da na yi furogiram ya yi sauri ita ce, maimakon ya jira ƙarshe ya rufe aiki gaba ɗaya, na mai da shi yana rufe kowane sansani da zarar ya gama da shi. Kuma a wurin rufewar nan katunan takena suke. Gwajina na Litinin sansani ɗaya ne a ciki, saboda haka sau ɗaya ya kaɗa, ba a ga komai ba. A gwajin lodi kuwa, duk sansanin da ya wuce sai inji ya ajiye aikin kamfani, ya tsaya ya yi mini kirari, sannan ya ci gaba. Sansanonin da aka ninka aka sake ninkawa. Na wuce inda nake sauka ban sani ba, sai da kwandasta ya taɓa ni.

Ran Alhamis na riga kowa zuwa. Na tsaya gaban kabad na ja hannunsa, ko Allah zai sa an manta ba a kulle ba. A kulle yake. Na ce to, babu abin da ya rage sai in je in faɗi gaskiya. Na nufi ofishin Mista Davou, na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sai na jiyo muryar Manaja a ciki yana cewa, "Yaron nan yana da kai. Kwana ɗaya ya gano abin da injin ke ciki." Hannuna ya tsaya a sama. Ƙofar a ɗan buɗe take, Mista Davou ya hango ni.

"Akwai magana?"

"A'a, Oga. Gaisuwa ce."

Na juya. A raina na ce wataƙila Injiniya ya samu wata 'yar matsala a injin, ko yaya take, in laɓe a bayanta, daga baya in zare katunan ba wanda ya sani. (Wato addu'a nake yi injin kamfani ya lalace. Ku duba inda na kai.)

Injiniya Sande ya iso da hantsi, wandonsa duk taɓo, motarsa ta maƙale a hanya sai da aka tura. Bai ko sha shayi ba ya cire takalmi ya shiga aiki. Ya buɗe akwatuna, ya zaro farantan ma'ajiya ɗaya bayan ɗaya, ya gwada, ya mayar. Duk wanda ya ɗauko sai zuciyata ta ce wannan ne, sai ya ce, "Wannan lafiya." Manaja ya sa aka kawo masa kujera ya zauna. Ladi na tsaye gefena. Na'urar sanyaya ɗaki na ta huci, ni kuwa rigata ta manne da bayana.

"Kana lafiya?" Ladi ta tambaye ni ƙasa-ƙasa. "Ka yi fari fat."

"Ciki ne."

Azahar ta kusa lokacin da Injiniya ya rufe akwatin ƙarshe ya goge hannu. "Oga Davou, inji ba shi da komai. Amma bari mu ji da kunnenmu inda lokacin ke tafiya. A ɗora lodin."

Ya buɗe jakarsa. Na ga eriya tun kafin in ga rediyon.

"Injiniya," na ce, muryata ta fito siririya, "ai ba sai an kai ga rediyo ba. Ina ganin..."

"Haba abokina, kai da na koya wa? Minti nawa ne."

Ya ɗora ta a kan akwatin ƙwaƙwalwa, ya murɗa. Mista Davou ya buɗe kabad. Aka fara da tsoho, rediyo ta yi ta shuuu kamar ruwa a kan kwano, ba abin da ya fita daban. Injiniya ya ce, "Wannan muryar aiki ce." Aka ɗora nawa. Shuuu ɗin ya fito da sauri, har Injiniya ya ɗaga gira ya ce, "A'a, ai yana gudu." Na rufe ido.

Shuuu ya yanke. Sai ga shi, tsaf, ba gargada, siririya da kakkaura, har da ɗan jan nan na ƙarshe da na ɓata Asabar guda ina gyarawa.

Kowa ya juya ya dubi rediyon. Shuuu ya dawo na ɗan lokaci, sansani na biyu ya wuce, aka sake kaɗawa. Injiniya, da yake bai je bikin ba, ya kara kunne yana yamutsa fuska. "Wannan ba lalacewa ba ce," in ji shi. "Wannan kiɗa ne. Wa ya sa wa inji kiɗa?"

Na ji kafaɗar Ladi na rawa a jikin tawa. Ta toshe baki da gefen ɗankwalinta, hawaye na zuba. A karo na uku Manaja ya karkata kai, leɓensa na motsi yana bin sautin, sai ya faɗa a fili, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai karanta hukunci:

"Yaro... da inji... manya ku kauce."

Mista Davou ya dube ni ta saman tabarau. Sannan ya ɗaga ƙafa, ya matsa gefe taku ɗaya.

"To, Malam," ya ce. "Mun kauce."

Na so ƙasa ta tsage. Na ce, "Oga, don Allah a kashe." Ya girgiza kai. Gwajin da aka fara sai ya kai ƙarshe, doka ce. Haka muka tsaya, manaja da injiniya da oga da Ladi da ni, muna sauraron kwamfutar kamfani tana yi mini kirari, sansani bayan sansani. Tun Ladi na dariya har ta gaji ta zauna a ƙasa. Tun Manaja na huci har ya koma duban agogo. Wani daga sito ya leƙo ya tambaya ko biki ake yi. Ban taɓa tsanar wani sauti a duniya kamar yadda na tsani wannan take ba, kuma ni na rubuta shi da hannuna.

Da aka gama, Mista Davou ya miƙo mini katunan ya ce in zare na kiɗan a gaban kowa. Na zare su. Aka sake ɗora lodi. Sabon furogiram ya gama a kusan rabin lokacin tsohon. Ashe aikin nawa mai kyau ne. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Da la'asar ya kira ni ofishinsa ya ce in rufe ƙofa.

"Kiɗa ba komai ne ba," ya ce. "Yaro ne kai. Amma da safe da ka zo nan ka ce gaisuwa, ka riga ka sani?"

Na sunkuyar da kai. "Tun jiya, Oga."

"Na ga fuskarka. Na ce bari in ba shi hanya, ko zai yi magana kafin mutum ya buɗe inji a banza." Ya mayar da tabarau. "Da ka shigo ka faɗa, da kai ne za ka tafi Ingila."

Ladi ce ta tafi Ingila, kuma ta cancanta. Ranar da za ta tashi ta tambaye ni, da fuskarta a ɗaure kamar gaske, ko zan ara mata kwat. Na ce ta maza ce. Kwat ɗin nan ni na yi ta sa ta a ɗakin injin saboda sanyi, shekara da shekaru, har gwiwar hannunta ta huje. Tafiya mafi nisa da ta taɓa yi ita ce daga Nasarawa Gwom zuwa Bukuru. Sunan "Manya Ku Kauce" kuwa ya bi ni har na yi ritaya, har waɗanda ba a haifa ba a lokacin suna kirana da shi, suna zaton yabo ne.

Daga baya ni na gaji kujerar Mista Davou, na kuma gaji dokarsa ta lodi ba tare da na rage ko ɗaya ba. Na sayi ƙaramar rediyo na ajiye a durowa. Duk yaron da ya zo mini da zafin kai yana cewa injin ne ba shi da lafiya, sai in fito da ita in ajiye a kan tebur, in ba shi labarin nan tun daga bikin direba. Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na saye shi: in aiki ya yi nauyi ba gaira ba dalili, kafin in kira injiniya daga Kaduna nakan fara kara kunne tukuna, don sau da yawa takena ne ake kaɗawa a ciki.